Siton da Ke Tsakiya

Akwai mutanen da suka ɓata mini a rayuwa, waɗanda idan aka ambace su yanzu sai in ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, in ci gaba da abin da nake yi. Mutum ɗaya ne ban saka a wannan sahun ba. Dillalin filaye da shaguna ne a garinmu Daura, kuma har yau idan hira ta biyo ta kansa sai na ajiye abin da ke hannuna na gyara zama, don labari ne da ba na gajiya da bayarwa.

Babanmu ɗan kasuwar gyaɗa ne. Da ya rasu ya bar mu mu biyu, ni da Yayana namiji, ya bar gida da gonaki da wani sito a bakin hanyar Zango, gaba kaɗan da tasha. Gida da gonaki an raba. Siton ne aka bari, domin idan aka ja masa bango a tsakiya ya tashi daga sito, kuma a wurinmu abin kunya ne a ce 'ya'yan mutum su biyu kacal sun kasa haƙuri da juna a kan ɗaki ɗaya. Sai aka ce Yaya yana da kashi biyu, ni ina da ɗaya, amma babu wanda ya san inda nasa ya fara ko inda ya ƙare. Ba wani gini ba ne na a zo a gani. Bangon ƙasa ne da aka shafe da siminti, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu. A hagunsa akwai shagon wani mai walda, a damansa mai faci da mai sayar da kayan babur.

Yaya ma'aikacin ofis ne, bai taɓa damuwa da siton ba. Ni kuwa da shi nake riƙe gida, tun da mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu. Idan kaka ta yi, in sa a sayo mini gero da dawa da wake da gyaɗa daga kasuwannin Zango da Sandamu da Mai'aduwa, a jibge, in rufe. Idan damina ta sauka, rumbunan mutane suka yi ƙasa, in buɗe in riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Duk shekara ina aika wa gidan Yaya buhun gero da na wake, shi kuma ya aiko da godiya. Haka muka zauna lafiya. Sai dai Yaya mutum ne mai taushi, duk wanda ya riga zuwa kunnensa shi ya samu.

Shi wannan dillali a zaurenmu ya girma. Baba ne ya ɗauko shi yana yi masa awon gyaɗa, tuwon gidanmu ya ci har ya yi gemu, ni da kaina na sha miƙa masa akushi ta bayan ƙyaure. Da gari ya fara faɗaɗa, masu kuɗi suka fara zuwa daga Kano da Katsina suna neman inda za su yi gidan mai da jerin shaguna da siton taki da na siminti saboda motocin da ke wucewa bakin iyaka, sai ya ajiye mudu ya kama dillancin wurare. Kuma Allah ya ba shi baki. Ya san wane mai shago ne ke cikin matsi, wane fili ne magada suka gaji da shi. Ya yi babur, ya yi manyan riguna, yana yawo da tarin makullai suna kacau-kacau a aljihu, turarensa yana riga shi shiga wuri. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya barin mai saye da mai sayarwa su zauna a tabarma ɗaya. Shi zai kai tayi, shi zai kawo amsa, shi zai ɗauko kuɗi ya miƙa, ya karɓi la'adarsa ta nan da ta can. Jarinsa kuwa magana ɗaya ce da yake gaya wa baƙi masu saye, cewa wurin nan babu rigima. Da ita yake cin abinci, domin baƙo ba ya tsoron tsada kamar yadda yake tsoron ya sayi wuri ya wayi gari a kotu.

Wata rana a farkon damina, cikin shekarun nan da aka fara aiki da Shari'a a jiharmu, ina tsakar gida ina tankaɗe mai walda ya aiko a ce in zo maza, ana fitar da kayana. Na zura hijabi na fita, hannuna duk gari. Tun daga nesa na hango buhunan hatsina jere a bakin titi, 'yan dako suna ta ƙarowa, gabas kuma ta yi baƙi ƙirin. Dillalin yana zaune a benci, wasu mutum biyu suna cikin siton da igiyar awo.

Na ce, "Malam, lafiya? Wa ya ba ka makulli?"

Ya ce, "A'a, ƙanwata ce? Ai Yayanki ya sallama kasonshi. Wani Alhaji ne daga Kano ya saya. Awo kawai za a yi, a duba ƙasan wurin."

"Kason Yaya aka saya. Kayan nan nawa ne, kuma ga hadari."

Ya ɗaga kai ya dubi sama kamar yau ya fara ganinta. "Wannan ba zai sauka ba. Ki koma gida, nan ba wurin tsayuwar mata ba ne. Naki kason ma ina nan tafe, mu yi magana ta fahimta."

Bai rufe baki ba iska ta taso. Na roƙi 'yan dakon su mayar da kayan ciki, suka dube shi, tunda shi ya ɗauko su, ya ce a bari a gama awo. Ruwa ya tsuge. Mai walda da mai faci suka rugo da tamfol ɗaya da tsofaffin kwanon rufi, muka rufe abin da ya rufu, sauran muna kallo ruwa yana bin kansu da ƙarƙashinsu. Ina tsaye cikin ruwan, hijabi ya manne mini a jiki a gaban maza, na waiga. Dillalin yana raɓe a bakin ƙofar siton ubana, ya tattare gefen babbar rigarsa da hannu ɗaya kada ta jiƙe, suna dariya da masu awo a kan wata magana tasu. Ba ni yake wa dariya ba. Da ni yake wa, ina jin da abin ya zo mini da sauƙi. Ya ma manta ina wurin.

Waken ya kumbura ya yi baƙi, gyaɗar ta yi fumfuna, geron da muka shanya ya yi wari, sai masu kaji ne suka karɓa. Gumina na shekara ya tafi a yini ɗaya. Kafin dillalin ya bar wurin kuma ya maƙala nasa kwaɗon a kan nawa, wai amanar Alhaji ce. Daga ranar, duk lokacin da nake son shiga siton sai na aika an nemo shi, ya zo sa'ad da ya ga dama. Akwai ranar da na zauna a bencin mai walda tun hantsi har aka kira azahar, da mai sayen ragowar dawata yana jira, har mutumin ya gaji ya hau motar Zango. Sai ga shi a babur yana sakace haƙori, ya ce wallahi ya shafa'a.

Washegarin ruwan na je gidan Yaya. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon tabarma. Ya ce rufin gidansa ne, da karatun babban ɗansa, da abubuwa dai. Sannan ya ce, "Shi ya ce mani ya yi magana da ke, kin yarda." Mu ba mu taso muna ɗaga murya a gaban babban wa ba. Na yi masa sallama na tashi. A hanya kukan ya zo, kuma ba na baƙin ciki ba ne, na zafin zuciya ne. Na ƙudurta a raina cewa ko me zan rasa, sai mutumin nan ya san 'yar wa ya taɓa.

A lokacin ina zuwa Islamiyyar matan aure a unguwarmu ta Kusugu. Shekaru ne da kowa ke tambayar me Shari'a ta ce a kan kaza, har masu awo sun fara jin kunyar mudu mai bugaggen gindi. Malaminmu dattijo ne mai haƙuri. Bayan an tashi na tsaya na kwashe labari na gaya masa, ni dai ina tambayar yadda za a biya ni kayana. Ya saurara, ya ce maganar kaya daban, amma akwai abin da ya fi kayan. Ya tambaye ni ko an taɓa raba siton an sa iyaka, na ce a'a. Ya ce to ina da abin da ake kira shuf'a. Idan mutum biyu suna tarayya a gini ko fili da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗayan yana da iko ya mayar wa mai sayen abin da ya biya ya karɓi kason, ko mai sayen ya so ko ya ƙi. Ya ce amma in kiyaye. Kada in taya kason a hannun Alhaji, kada in karɓi hayarsa, kada in sayar da nawa, kada kuma in ga an fara rushe siton in yi shiru. Idan ɗaya daga ciki ya faru, haƙƙin ya faɗi.

Na ce, "Malam, har zuwa yaushe nake da wannan ikon?"

"Wanda yake gari, ya kuma san an sayar, ba ya wuce shekara. Amma ki je gobe, ba a wasa da irin wannan."

"Shekara, Malam?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Baiwar Allah, haƙƙi na gaya maki, ba makami ba." Na ce to, na gode. Ban je gobe ba.

Da farko dai ba ni da kuɗin a hannu. Amma ba wannan ne ya zaunar da ni ba, abin da mai walda ya tsegunta mini ne. Ya ce dillalin ya fara yi masa zarya a kan shagonsa, haka ma mai faci da mai kayan babur. Ashe Alhajin ba sito yake so ba. Layin gaba ɗaya yake so, ya rushe ya yi babban gidan mai inda tirela za ta shiga ta juya. Sitonmu ne a tsakiya, shi ya sa aka fara da shi. Na zauna na auna. Idan na je kotu yanzu, Alhaji zai karɓi kuɗinsa ya nemi wani wuri, dillali ya kakkaɓe rigarsa ya ci gaba da harkarsa, iyaka ya ce wata mace ta ɗan ba shi kunya. Idan kuwa na bari ya saya wa Alhajin hagu da dama tukuna, sannan na zare tsakiyar, to ba shi da inda zai sa kansa. Maganar diyyar kayana ma na bar ta. Idan ya biya, mutane za su ce an gama, ni kuma ban gama ba.

Sai dillalin ya fara zuwa gidana kamar yadda ya ce. Ya yi sallama a zaure, in tsaya bayan labule mu gaisa. Ya yabi Baba, ya ce har gobe yana yi masa addu'a, sannan ya gangaro: kashi ɗaya cikin uku ba ya amfanar kowa, mace mai marayu kuɗi a hannu ya fi mata, Alhaji mutum ne mai alheri. In sassauta murya in ce sai na yi shawara. Wani zuwan in ce a bari damina ta wuce. Wani zuwan in ce bari a ga kaka. In sa a kai masa fura da nono mai sanyi, ya sha ya yi gyatsa ya tafi. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko sau ɗaya ban ce zan sayar ba. Shi ne ya yi irin lissafin da mazanmu ke yi, cewa mace ba ta ce a'a ba, ta yi ƙasa da murya, har ta ba da fura, to ta yarda, kunya ce kawai ke ja mata lokaci. A tunaninsa kuma ba a haifi ƙanwar da za ta je gaban alƙali ta taɓa cinikin da wanta ya sallama ba. Da wannan ya je Kano ya gaya wa Alhaji cewa an gama da ni.

Sau ɗaya ya kusa kama ni ba tare da ya sani ba. Da kaka ta yi, ya ce Alhaji ya tausaya mini, in ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a matsayin haya in cika siton duka kafin a zo aiki, shi kuma zai cire kwaɗonsa. Ga hatsi ya yi araha a shekarar, raina ya biya ƙwarai. Na tuna maganar Malam, na ce ruwa ya cinye jarina, ba ni da abin zubawa. Wannan ma gaskiya ce.

Ina da shanu a hannun wani Bafulatani wajen Sandamu, daga karsana ɗaya da Baba ya ba ni lokacin aurena suka yaɗu. Su nake tattali don kujerar Makka. Na fara sayar da su kaɗan-kaɗan a kasuwar Mai'aduwa ta hannun ƙanin mijina, domin dillalai bakinsu ɗaya ne, idan aka ji na kwashe garke lokaci guda magana za ta kai inda ba na so. Bafulatanin har ya aiko yana yi mini murna, yana zaton tafiya ta tashi. Na sayar da sarƙata da 'yan kunne da awarwaro, na sayar da gonar da na gada. Ranar da aka tafi da saniyar ƙarshe ban iya cin abinci ba. Ga tsoro kuma, kullum na tashi sai na yi tunanin ko yau za su fara da siton kafin in shirya, har na roƙi mai walda ya zama idona. Amma duk lokacin da zuciyata ta yi rauni, sai in tuno hannun nan da ya tattare gefen riga, in ji ƙarfi ya dawo mini.

Mai walda ya sayar, ya samu da kyau, ya koma tsallaken titi. Mai faci da mai kayan babur suka bi. Ana cikin bazara katafila ta zo ta kwantar da shagunan hagu da dama, siton ya rage shi kaɗai a tsaye kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Aka fara sauke yashi da bulo. Dillalin ya zo zaure bakinsa har kunne, ya ce ranar Asabar zai kawo mini kuɗin kasona, katafila ta ƙarasa aiki. Na ce Allah ya kai mu da rai. Na sa aka dama masa fura. Washegari da safe ni da ƙanin mijina muna bakin kotu tun masinja bai gama shara ba.

Ranar zama, a nan Alhajin ya fara ganin Yaya, Yaya ya fara ganinsa. Alhajin mutum ne kamili mai ƙaramar murya, ban taɓa jin haushinsa ba, ban kuma ji tausayinsa ba, shi ya zaɓi wanda zai wakilce shi. Alƙali ya tambayi Yaya ko an taɓa raba siton, ya ce ba a raba ba. Ya tambayi lokacin da aka sayar, aka ce farkon daminar bara, ga shi ta bana ba ta sauka ba. Ya tambaya ko na taya, ko na yi haya, ko na shaida cinikin. Babu ko ɗaya. Sai dillalin ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ta yarda. Na je gidanta ya fi a ƙirga."

Alƙali ya ce, "Me ta ce maka?"

"Ta ce za ta yi shawara."

"Sai kuma me?"

Ya ce, "Tana ba ni fura."

Aka yi dariya, har da ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Alƙali bai yi ba, ya ce kawai fura ba ta sarayar da haƙƙi. Ya juya ga Alhaji ya ce tunda abin da ya biya za a mayar masa, ya faɗi nawa ya biya. Alhaji ya faɗa. Sai na ga Yaya ya ɗago kai da sauri, ya ce a gafarce shi, shi ba haka aka ba shi ba, ya faɗi abin da ya shiga hannunsa. Ratar da ke tsakanin biyun ta isa ta sayi wani shagon. Wallahi wannan ban san da shi ba, ban kuma shirya shi ba. Alhaji ya juya a hankali ya dubi dillalin, irin kallon da ake yi wa buhun da aka buɗe aka tarar da tsakuwa. Shi kuwa ya yi tsuru-tsuru, zufa tana bin wuyan riga, yana ta cewa akwai bayani. Na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa, na ja hijabi na rufe bakina kada a gani.

Aka yanke cewa in biya Alhaji abin da ya shiga hannun Yaya, dillali kuma ya mayar wa Alhaji abin da ya ɗora a kai. Ƙanin mijina ya ajiye kuɗin a gaban alƙali nan take. Aka sa dillalin ya zaro makullin kwaɗonsa daga cikin tarin nan.

Ba zan ce na fita babu ciwo ba. Na mallaki siton duka, amma fanko. Babu shanu, babu gwal, babu jari. Na koma yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida da ɗan abin da ya rage, yarana suka san miyar da babu nama. Ƙawayena biyu da muka yi alkawarin tafiya tare suka tafi Makka, na raka su da addu'a. Yaya ya ɗauke ƙafa daga gidana. Ko da shi ma cutarsa aka yi, ni ce na tsayar da shi gaban alƙali, kuma dangi sun gaya mini hakan ba sau ɗaya ba. Wannan ya fi na shanun yi mini ciwo.

Shi kuwa dillalin, labari ya riga shi fita daga kotu. Ya sayar da babur da wani filinsa, duk da haka bai gama biyan Alhaji ba. Duk wanda ya taɓa sayar da wuri ta hannunsa ya fara tunanin ko shi ma an yi masa. Masu shaguna suka karɓe makullansu ɗaya bayan ɗaya. Baƙo ya sauka a tasha yana neman wuri, kafin ya gama tambaya an gaya masa wanda zai kiyaya. Alhaji kuma ya tashi da fili biyu, kowanne bai isa tirela ta juya ba, ciyawa ta fito a kan yashin, awaki suna kwana a kan bulo. Mata a Islamiyya suka fara ce mini ai ya isa haka, Allah ya saka miki. Ni na san bai isa ba, don har lokacin a kotu ya sha kunya, ba a bakin siton ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, ba ya barin fushi ya hana shi neman mafita. Ya aiko wani dillali daga Katsina, na ce ba ni da magana. Ya aiko wani da mota daga Kano, mai ladabi, ya ce in faɗi duk abin da nake so. Na ce idan Alhaji yana son in saurari tayinsa, ya aiko shi ta bakin dillalin da ya fara, kuma ba a zaurena ba, a bakin siton, da hantsi.

Na riga shi zuwa. Na sa aka buɗe ƙyauren biyu, aka ajiye mini benci a ciki. Mai walda ya tsallako, 'yan dakon tasha suka taru, ban gayyace su ba, ban kuma kore su ba. Dillalin ya zo a ƙasa, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya gaishe ni da girmamawa har da rusunawa. Ya faɗi tayin Alhaji, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Sai ya ce to Alhaji yana da sabon sito na bulo a hanyar Kwangwalam, ya fi wannan girma, zai ba ni shi, ya ɗora mini jarin da zan cika shi. Na dubi cikin siton, babu komai sai yanar gizo da kashin ɓera, na tuna yarana da abin da na baro musu a tukunya. Duk mai hankali zai karɓa. Ƙanin mijina da ke tsaye a gefe ya yi gyaran murya har sau biyu. Na ce albarka.

Sai ya tsuguna. A gaban 'yan dako ya tsuguna a ƙasa, ya rage murya, ya ce Alhaji ya yi masa alkawari idan ya kawo amincewata zai yafe masa sauran abin da yake binsa, ya kuma gaya wa mutane an daidaita. Ya ce yana da iyali, matarsa ta fara sayar da kwanukanta. Ya ce, "Don Allah ki faɗa mani, me kike so?"

Na ce, "Ka je ka faɗa mashi ka kasa. Da bakinka."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya fita. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, Alhaji kuma yana Kano yana jiran amsa a ranar. Na ga ya ja mai walda gefe yana magana ƙasa-ƙasa, na ga mai walda ya shafa aljihu ya girgiza kai. Suna dab da ƙofa, na ji komai. Kuɗin mota yake nema.

Na kira shi. Ya juyo da sauri, fuskarsa ta ɗan washe, yana zaton na sauya shawara. Na kwance ƙullin bakin zanena na ciro kuɗin cefanen ranar, na ware daidai na zuwa Kano, ban da na dawowa, na miƙa wa mai walda ya ba shi. Ya tsaya yana kallon kuɗin, jama'a suna kallonsa. Sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.